Kujerar Baya Ba Tawa Ba Ce

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Dogo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar taku? Ina fata matarka da 'yan biyu suna lafiya. Ni dai kalau nake, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini tsiya in zan hau bene. Kada ka ce me ya sa ban kira ka a waya ba. Waya ba ta da shaida, mutum ya faɗi magana yau, gobe ya rantse bai faɗa ba. Kakanka na wajen uba, ɗan wan babana, Allah ya ji ƙansa, shekara talatin muka yi muna musayar takarda da shi. Kai ma ka gaji wannan wahalar ko ba ka so.

Motar da ɗana, kawunka Injiniya, ya saya mini ta hannun kamfaninku ta iso ranar Laraba. Baƙa wul, sai sheƙi take, har maƙwabta suka fito kallo. Na gode, Allah ya yi muku albarka. To na gama godiya, yanzu sai ka buɗe kunnenka.

Na buɗe ƙofar gaba na zauna, sai na ga ba na hango komai sai sitiyari. Ka san ni ba tsawo Allah ya ba ni ba. Na lalubi maɓallin ɗaga kujera, ta ɗan motsa ta tsaya. Kujerar kanta sandararriya, kamar bencin jiran likita. Da na leƙa baya kuwa, Dogo, sai da na yi salati. Kujera mai kwanciya, mai yin tausa, ga firji, ga labule mai rufe kansa, ga wani allo da ake sarrafa rediyo da sanyi da shi. Har akwai maɓallin da in ka danna, kujerar gefen direba za ta naɗe ta matsa gaba don mai gida ya miƙe ƙafa. Duk arzikin motar an kwashe an zuba a baya.

Maƙwabcina tsohon Alƙali irin wannan motar gare shi. Suna ɗaya, fuska ɗaya, har tambarin hanci. Na je da kaina na ce ya buɗe mini. Tasa kujerar direba ta san tsawonsa, yana shiga take gyara kanta. Tana da kyamara ta kowane gefe, tana ƙara in mutum ya kusa bango, in yaro ya gifta ma ita ke taka burki da kanta. Tawa ba ta da ko ɗaya sai kyamarar baya. Ga shi ta fi tasa tsawo, gindinta sai ya leƙo daga gareji.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, motar ba ita kaɗai ta zo ba. Kawunka ya haɗo ta da wani dattijo mai furfura, wai shi ne direba. Washegari kuma ya aiko aka ja ƙaramar motata da na shekara ashirin da bakwai ina tuƙawa, wai za a yi mata fenti, saboda ɗan gogar ginshiƙin ƙofar gida da na yi a watan jiya. Har yau fentin bai bushe ba, don ba a dawo mini da ita ba.

Ka duba takardunku da kyau. Ina jin an yi mana ungulu da kan zabo, ko kuma kai ne barci ya kwashe ka kana cika takardar. In kuskure ne, faɗa ba ya kisa.

Kakarka


21 ga Fabrairu

Zuwa ga Kaka, amaryata ta kaina,

Bayan gaisuwa da ladabi, takardarki ta same mu lafiya. 'Yan biyu sun yi mura amma sun warware. Uwarsu tana gaishe ki, ta ce a riƙa ɗan gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Kaka, wallahi ba a cuce ki ba, kuma idona biyu na cika takardar. Wannan shi ne aikina shekara tara, ni ke zaune a teburin da ake shirya motocin da za a tura ƙasashen waje. Mota mai suna ɗaya ba iri ɗaya ake ƙera ta ba, ana duba inda za ta je. Wadda za ta zauna a nan wurinmu, kujerarta da sitiyarinta ɗumi suke yi, kuma ana shafa wa cikinta maganin tsatsa saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. In aka kawo miki irin wannan, kafin azahar injinta ya tafasa. Taki lagiretonta mai sanyaya inji babba ne, na'urar sanyinta ta ninka tamu ƙarfi, matatar iskarta mai kauri ce, na kuma sa aka ɗaga ƙafafunta saboda ramuka. Har injin an daidaita shi da irin man da kuke sha. Duk wannan ni na tsaya a kai.

Sai kuma babban bambancin, wato inda mai motar yake zama. Akwai ƙasashen da attajiri shi ke tuƙa kansa, ko nawa ya tara. Su ake yi wa gajeriya, a tara kayan daɗi da na tsaro a gaba. Ta Alƙali daga can ta fito. Akwai kuma ƙasashen da babban mutum ba ya taɓa sitiyari. Su ake ƙara wa tsawon taƙi guda a baya, a zuba komai can. Kayan gaba kuwa ba sa zuwa sai an nema, don masu ƙerawa sun ɗauka ma'aikaci ne zai zauna a wurin. Taki ita ce wannan, kuma ita ce babba a gidan. A nan mutane layi suke bi kafin su same ta.

An duba ne aka zaɓa miki wadda ta dace da shekarunki. Kin yi wa mutane hidima, lokaci ya yi da za a yi miki. Ki shiga baya, ki danna maɓalli na uku daga hagu, ki ji yadda zai murza miki ƙugu, sannan ki rubuto ki zage ni in kin iya.

Jikanki kuma angonki,
Dogo


9 ga Maris

Dogo,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. Ina lafiya. Gwiwa ma ta ji haushi ta daina ciwo.

"Wadda ta dace da shekarunki." Sau biyar na karanta wannan layin, har na sa biro na ja masa layi a ƙasa. Wa ya duba? Wa ya zaɓa? Ka ce "an duba", ka ɓuya a bayan "an" kamar yaron da ya fasa kwano. Ni da na ga ranar da aka haifi ubanka, yau kai ne mai auna mini shekaru da taƙi?

Bari in tuna maka wadda kake rubuta wa takarda. Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙi. Lokacin da nake ungozoma a babban asibiti, mata nawa na ɗauko daga gidajensu naƙuda ta kama su, miji yana ta rawar jiki ya rasa inda ya sa makulli? Uku a kujerar bayan motata suka sauka, hannuna ɗaya a sitiyari, bakina yana ba da umarni. Ban taɓa taka ko kaza ba. A rayuwata sau biyu na zauna a bayan mota da saninka ko ba da saninka ba: ranar da aka kai ni gidan miji, da ranar da aka dawo da ni daga asibiti ba tare da shi ba. Duka biyun wasu ne suka riƙe mini hannu suka ce ga inda za ki. Ban sha'awar na uku.

Ka ce in shiga baya in danna maɓalli na uku. An danna, amma ba ni na danna ba. Ranar Alhamis da za ni taron tsofaffin ma'aikata, Direba ya buɗe mini ƙofar baya yana russunawa. Na ce, "Malam, shiga." Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni?" Na ce, "Kai fa. Ɗana ya ɗauke ka ka raka ni, bai ce a wace kujera ba." Ya ce za a kore shi, yana da 'ya'ya shida. Na ce wanda zai kore shi ni na yaye shi. Na ɗauko matashin kujera biyu daga falo na ɗora a wurin direba, na hau, na tayar.

Kafin mu kai shataletale na biyu bawan Allah ya daina addu'a, tausa ta kama shi. Muna isa asibiti mai gadi ya ƙame ya sara masa, ni ko kallona bai yi ba. Abokan aikina suka yi ta dariya har da hawaye. Tun ranar kullum haka muke fita, shi a baya da ruwan sanyi a hannu, ni a gaba a kan matashi. Ya ce ciwon bayansa na shekara goma ya yi sauƙi.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, motar tana ba ni wuya. Tsawonta ya yi yawa, in na sha kwana ban san inda gindinta yake ba. Wannan laifin zaɓinku ne. Saboda haka ka karɓi abarku ka aiko mini irin ta Alƙali, gajeriya, mai kyamara ta ko'ina, mai lagireton zafi kamar yadda ka yi wa wannan. Tunda kun iya ƙera mota don kowace ƙasa, ku ƙera don tsohuwa mai tuƙa kanta.

Kawunka ya zo jiya ya yi ta faɗa a tsakar falo, wai na mai da shi abin dariya. Na ba shi shayi na ce ya sha kafin ya huce.

Kakarka, ba amaryar kowa ba


24 ga Afrilu

Dogo,

Sallama. Mako shida ke nan ba amsa. Na tambayi uwarka, ta ce lafiyarka lau, har hoton 'yan biyu ka tura mata. Ashe hannunka bai karye ba.

Shiru ma magana ce, kuma na ji ta. Kun haɗa kai da kawunka. Shekaranjiya ya zo ya ɗauke makullin daga kan ƙusa ya sa a aljihu, a gabana, a gidana. Bai san motocinku da makulli biyu suke zuwa ba, na biyun yana cikin jakata tun ranar farko.

Ba roƙonka nake ba. In ba za ka canja ba, ka rubuta "a'a" da hannunka, in san inda na ajiye ka.

Ni ce


10 ga Mayu

Zuwa ga Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma neman gafara. Muna lafiya. Takardunki biyu suna kan teburina, ta farkon har ta fara yagewa a wurin ninki. Sau huɗu na fara amsa ina yagawa. Ba haɗa kai ne ya hana ni ba, kunya ce.

Kin tambayi wane ne "an". Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardar farko da na cika, gajeriya na rubuta miki. Na sa kujera mai tashi sama sosai don na san tsawonki, na sa duk wata kyamara da burki mai taka kansa da muke da su. Da na tura wa Kawu ya gani, sai ya kira ni ya ce in soke. Na yi masa gardama, sai ya turo mini hoton takardar likitan ido, wadda kika je a watan Nuwamba. An rubuta hawan jinin ido, an ce ganin gefe ya ragu ƙwarai, na hagu ya fi lalacewa. An ce kada ki ƙara tuƙi. A aljihun ƙaramar motarki ya tsince ta, ranar da ya kai ta a duba burki. Ya ce ba zai iya kallon idonki ya faɗa miki ba. Ya ce in aka kawo mota mai daɗin baya, da kanki za ki koma can, ba sai an yi magana ba. Na yarda da shi, na kuma rubuto miki zancen shekaru. Wannan tsoro ne, kuma da ni a ciki.

Makon jiya mun yi sa-in-sa da shi a waya har ya kashe a kunnena. Na ce masa ke ba kaya ba ce da za a canja wa wurin ajiya.

Ga inda na tsaya. Canjin mai yiwuwa ne. Wakilinmu na garinku yana da mai neman doguwa ido rufe, gajeriya kuma tana iya sauka cikin wata biyu. Sa hannuna kawai ake jira, kuma zan sa ko Kawu ya yi fushi da ni har abada. Amma ki sani, Kaka, kyamarorin nan taimako ne ga mai gani. Ba a ƙera su don su zama idon kowa ba, a kowace ƙasa.

Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma abin da kika rubuta shi zan bi, don ban taɓa jin kin yi ƙarya ba. Ranar da kika gogi ginshiƙin ƙofa, kin gan shi?

Jikanki,
Dogo


2 ga Yuni

Dogo, ɗan albarka mai baƙin naci,

Gaisuwa gare ka da iyalinka. Jikina lafiya. Idona kuwa ka riga ka karanta labarinsa a takardar da ba kai aka rubuta wa ba.

Ban gan shi ba. Ginshiƙin da mijina ya gina da ni a tsaye, shekara talatin da biyar ina wuce shi safe da yamma, ranar sai ƙara kawai na ji. Tun kafin likita ya rubuta na sani. Ni fa ma'aikaciyar asibiti ce, shekara biyu ina juya kai gaba ɗaya kafin in ga madubin hagu, ina ce wa kaina wuya ne ya sage.

Akwai kuma abin da ko kawunka bai sani ba. Kwana uku kafin takardarka ta zo, muna fitowa daga layin kasuwa, Direba ya daka mini tsawa daga baya, "Tsaya!" Na taka burki har matashin ya zame. Wata mata ce da goyo a bayanta, ta ɓangaren hagu, hannunta a kan murfin inji. Ta kalle ni ta cikin gilashi, ba ta ko zage ni ba. Ni da na ƙare rayuwata ina karɓar jarirai. Na kai mu gida, Direba bai gaya wa kowa ba, ni ma ban sake taɓa makulli ba har kwana goma sha tara.

Amma kada ku ɗauka kun ci nasara, kai da kawunka. Na kira shi na zaunar da shi a kujerar da ubansa yake zama. Na ce da ka zo ka ce, "Mama, idonki ya tafi, ina tsoro," da na zage ka na kwana biyu, na uku in ba ka makulli. Sai ka aiko mini kujera ta faɗa mini. Ni za a yi wa hannunka mai sanda da labule da firji? Ya sunkuyar da kai yana kuka, ƙato da shi, mai gina gadoji. Ban rarrashe shi ba sai da ya gama.

Ranar Litinin da safe na sa kayana masu kyau, na ce Direba ya dawo gaba ya zauna a gefena ya zame mini ido. Ni na tuƙa, a hankali, har ofishin lasin. Na bi layi, na ajiye katin lasina a kan tebur. Yarinyar da ke wurin ta ce, "Mama, sabuntawa?" Na ce mayarwa. Ta ce ai ba a mayarwa, bari ake yi ya mutu a durowa. Na ce nawa ba zai mutu a durowa ba, ta kira babbansu. Sai da suka nemo wata takarda da ƙura ta rufe, na sa hannu, aka buga hatimi. Ka rubuta wannan ka ajiye, ba wanda ya ƙwace mini tuƙi. Ni na kai shi da ƙafata.

Yanzu ga umarnina, kuma ba shawara nake nema ba. Ka sa hannu a canja motar. Gajeriya nake so. Mutumin da zai riƙe raina a hannunsa shi ya fi cancanta da kujera mai kyau da kyamarori, ga shi da ciwon baya. Ni kuma a gaba zan zauna, inda zan ga titi da abin da ya rage mini, in gaya masa ya rage gudu. Kujerar gefen direba ta doguwar nan ba don mutum aka yi ta ba, don naɗewa aka yi ta, ba ta da ko abin jingina hannu. Ta gajeriyar na gwada a motar Alƙali, daidai take da ta mai tuƙi. Ka sa musu tausa duka biyun.

Da muka fito daga ofishin na miƙa wa Direba makullin da ke jakata. Ya nufi ƙofar baya zai buɗe, ya kalli fuskata, ya saki. Na zagaya na shiga gaba. Tuƙinsa ba laifi, sai dai yana bin motar gabansa kusa da yawa, na kuma gaya masa.

Abu ɗaya ne ban shirya masa ba. Daga ofishin zuwa gida, ƙafata ta dama ta yi ta taka burki a kan darduma, inda babu komai. Sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Direba ya gani. A na ƙarshe, dab da ƙofar gida, sai ya taka nasa daidai lokacin da na taka, mota ta tsaya cak, ya ce, "Sannu da tuƙi, ranki ya daɗe." Na ce ya yi mini shiru, na juya fuskata wajen taga.

Ka gai da 'yan biyu. Ka sa hannun nan yau, kada ka bari sai gobe.

Kakarka